Allurar narkar da cikon leɓe a Yamai: yadda ta kasance mini

Wata biyar na yi ina jan mayafi a baki kafin in yarda in je wurin likitar fata. Daga bikin ƙanwata abin ya samo asali. Saura mako 3 biki, wata mata mai bin gidaje da jakar kayanta ta yi mini allurar cika leɓe a ɗakin ƙawata a Yantala, a kan jaka 60. Leɓen ya kumbura, ta ce haka yake yi, kuma ya saɓe, aka sha biki lafiya. A wata na biyu ne na fara jin ƙululu biyu masu tauri kamar ƙwayar wake a leɓen sama, sannan wani tudu ya taso tsakanin leɓen da hanci. Na kira ta, ta ce in riƙa murzawa da ruwan ɗumi. Daga nan lambarta ba ta sake shiga ba.

Asibitin da na je na kuɗi ne, a Plateau. Ko zama ban gama yi ba likitar ta ce, "Madam, me aka sa miki?" Ban da amsa. Ta ajiye biro ta yi mini bayani ba tare da faɗa ba, kuma wannan bayanin kaɗai ya isa kuɗin ganin likita. Maganin narkarwar, iyaluronidaz, abu ɗaya yake ci: asid iyaluronik, wanda ke cikin kayan ciko irin su Juvéderm da Restylane. Idan Radiesse ne ko Sculptra, ba ya taɓa su. Idan kuwa silikon aka ɗura, sai dai tiyata, ita ma ba lallai ta kwashe duka ba. Gabana ya faɗi. Allah ya taimake ni ƙawata ta ɗauki hoton kwalin abin da aka sa mini ranar, yana nan cikin WhatsApp ɗinta. Likitar ta duba, ta ce kwali ba shaida ba ne tunda jabu sun yi yawa, amma yadda ta ji ƙululun a hannu ya sa za ta gwada.

Maganin babu shi a asibitin, sai da na jira kwana 9 aka kawo. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, musamman bayan abin da ita da bakinta ta faɗa mini. Ta ce wanda duk ke yin allurar ciko dole kwalbar maganin nan ta kasance kusa da hannunsa, domin idan cikon ya shiga jijiyar jini ya toshe ta, fata na iya mutuwa cikin sa'o'i. Alamarsa ciwo mai tsanani da wurin ya kwaɗe ko ya yi dabbare-dabbare, kuma a baƙar fata irin tamu ba a saurin ganin canjin launin. A wajen hanci da tsakanin gira har makanta yana jawowa. Na tuna jakar matar nan: sirinji, auduga, man shafawa. Daren nan ban yi barci ba.

Ranar allurar ta tambaye ni ko jikina yana tashi idan zuma ta harbe ni, don masu irin wannan sai an yi hattara da su. Ta ɗan sa maganin a fatar hannuna, muka jira minti 20, ba abin da ya taso. An shafa mini man kashe zafi, amma kada wadda za ta je ta yi zaton ba za ta ji komai ba. Yaji yake kamar an zuba barkono a ƙuje, har hawaye na yi. Ta soka wuri 4, ta murza sosai, cikin kwata ɗin awa an gama.

Da magariba leɓen ya fi na da kumburi, har Inna ta ce, "Ke, wannan gyara ne ko ƙari?" Zuwa kwana na biyu tudun nan na ƙarƙashin hanci ya ɓace sarai, ƙululu ɗaya ma ya tafi. Leɓen ya ɗan yamutse na ƴan kwanaki. Na kira a tsorace, kuma ita da kanta ta ɗauka, ta ce maganin yana taɓa asid ɗin da jiki ke yi da kansa, amma jiki na mayar da shi. Haka kuwa aka yi.

Ƙululu na biyu ya ƙi tafiya, sai da na koma bayan mako 2. A nan ne ƙorafina na biyu: ba wanda ya gaya mini zama na biyu kuɗinsa daban, sai a wurin biya na ji. Gaba ɗaya jaka 140 na kashe, fiye da ninkin abin da na biya aka sa mini. Duk da haka, ƴar'uwar da ke cikin halin da na shiga, wurin wannan likitar zan kai ta, in ce ta tambayi kuɗin duka tun ranar farko, ta kuma nemo kwalin ko hotonsa kafin ta je.

Yanzu leɓena ya koma yadda Allah ya yi shi. Saura ɗan baƙin tabo a gefen hagu inda jini ya kwanta, likitar ta ba ni man kare rana ta ce in dawo bayan wata 2 ta duba shi.