Ciwon rikicewar bugun zuciya: yadda ake kula da shi a Ingila, da abin da ya kamata a aiko mana gida

Assalamu alaikum jama'ar gida, musamman mutanenmu na ƙauyukan Ringim da Taura. Mu da ke aikin jinya a Ingila kullum ana roƙonmu mu aiko da "maganin zuciya na Turai". Gara a san yadda lamarin yake kafin kuɗi su salwanta.

Zuciyar baligi idan yana hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, bugu ɗaya bayan ɗaya. Idan wutar da ke tafiyar da ita ta rikice, sai ta yi gudu, ko ta yi nawa, ko ta riƙa tsallake. Mutum ya ji faɗuwar gaba, haki, jiri, wani har ya suma. Wani kuma ba ya jin komai. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda ɗakunan sama na zuciya ke karkarwa maimakon matsawa. Jini ya kwanta ya yi guda, gudan ya haura ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki. Haɗarin yakan ninka kusan sau biyar.

A nan Ingila likitan unguwa zai yi awon ECG, wato awon da ke zana yadda zuciya ke bugawa. Idan bai kama ba, a ɗaura wa mutum ƙaramar na'ura ya kwana da ita awa 24 ko fiye, don rikicin kan zo ya tafi. Ganin likita da awo kyauta ne a tsarin lafiya na gwamnati, wato NHS, magani kuma fam 9.90 kowane nau'i, wanda ya kai shekara 60 ba ya biya. Sai dai jiran ganin ƙwararre kan ɗauki watanni. A gida, mai kuɗin mota da na awo zai iya riga Bature ganin likitan zuciya a Asibitin Malam Aminu Kano.

A Ingila masu ciwon nan galibi tsofaffi ne masu hawan jini. A gida akwai waɗannan, amma akwai matasa da ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a magance ba ya lalata musu ƙofofin zuciya, da masu jego da zuciyarsu ta raunana. Maƙoƙo mai guba, yawan goro da lemon ƙara kuzari, da Lasix, maganin sa fitsari da ake sha barkatai daga kemis (yana zubar da sinadarin potassium) duk suna tayar da shi.

Wannan bambancin shi ya sa ba ma aiko da magani da ka. Turawa sun koma sababbin magungunan tsinka jini, masu hana shi yin guda, irin apixaban da rivaroxaban, waɗanda ba sa buƙatar awo akai-akai. Amma wanda ƙofar zuciyarsa ta tsuke saboda wancan ciwon na yarinta, tsohon maganin tsinka jini mai suna warfarin ne nasa. Babban binciken da aka fitar a 2022 ya nuna ya fi rivaroxaban ceton rai a irin waɗannan. Sai an yi hoton zuciya ake sanin wanne ne wanne.

Warfarin kuwa yana da sharuɗɗa. Ana awon jini mai suna INR, yawanci ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3: ƙasa da haka jini zai yi guda, sama da haka a yi ta haɓo ko zubar jini a ciki. Zogale, alayyahu da sauran ganye suna rage ƙarfinsa. Ba a ce a daina ci ba, a dai daidaita, kada a yi ta kwaɗo kullum da damina sannan a bari da rani ba tare da sake awo ba. Flagyl da Septrin suna ƙara masa ƙarfi, maganin tarin fuka na rifampicin yana rage shi, diclofenac da asfirin kuma suna jawo zubar jini. Warfarin yana illa ga ɗan tayi, don haka mai neman ciki ta fara gaya wa likita. Kuma kada a dogara da launin ƙwaya: ruwan hoda a Ingila miligiram 5 ne, a Amurka 1 ne. A karanta lamba.

Wanda bugunsa ya yi nawa sosai ana dasa masa batirin zuciya a ƙarƙashin fatar ƙirji. Yakan yi shekaru kafin a sake, amma dole a riƙa duba shi, don haka a tambayi inda za a riƙa zuwa tun kafin a dasa.

Idan ɗanku na waje zai yi muku tsaraba, ku ce ya sayo na'urar awon hawan jini ta dantse, ba ta wuyan hannu ba, mai nuna alama idan bugu ya rikice, mai aiki da batirin rediyo. Kafin ta iso, yatsu biyu sun isa: a ɗora su a wuyan hannu ƙasan babban yatsa, a ƙirga minti guda cif, a rubuta. Idan bugun ba ya tafiya daidai, a nemi ECG a Dutse, Birnin Kudu ko Kano. Idan kuwa baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a nemi mota a lokacin, kada a jira gari ya waye.