Asibitin da suka yi wa Baba aikin zuciya a Legas, ga ra'ayina

Masu ta tambayata a WhatsApp yadda muka ga asibitin, ni dai gaskiya na yaba musu, duk da akwai inda suka gaza.

Abin da ya fi burge ni ba su yi gaggawar shiga da shi tiyata ba. Mu duk mun matsu tunda an ce jijiyoyin zuciya uku sun toshe, amma likita ya ce tunda ba imajansi ba ne sai sugansa ya daidaita tukunna, don mai ciwon suga ɗinkin ƙirjinsa ya fi saurin yin ruwa kuma baya warkewa da wuri. Suka gwada ƙoda, suka yi hoton zuciya da ake kira eko don ganin ƙarfin bugun zuciyar, suka tsare shi kan maganar sigari, har jiƙe-jiƙen da ake aiko mai daga gida sai da suka ce a kawo su gani. Don Allah kar ku ɓoye wa likita wannan, wani maganin yana tsinka jini.

Sun ɗauko jijiya ɗaya daga cikin ƙirji, sauran daga ƙafa, suka haɗa don jini ya kewaye inda ya toshe, kuma ta ƙirjin ita tafi daɗewa bata toshe ba. Nas-nas ɗin ICU, ɗakin kulawa ta musamman, kam Allah ya saka musu, washegari suka zaunar da shi, "Baba daure ka ja numfashi", suka bashi wata roba mai ƙwallaye uku yana zuƙa suna tashi, in zai yi tari ya rungume filo a ƙirji saboda ƙashin ƙirjin an raba shi, da waya aka ɗaure shi.

Inda suka gaza shine sallama. Takarda kawai aka miƙo mana, ba wanda ya zauna yai mana bayanin cewa ƙashin nan sai ya ɗau sati 6 zuwa 8 ko fiye, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba tuƙi, sallah ma a zaune muka bar shi yana yi. Ga mu daga Agege, ga go-sulo, ga ramuka, duk zuwa ganin likita sai an nemi mota mai taushi, danfo, bas ɗin haya, ba zai yiwu ba. Kuɗi kuma ku ce a rubuta muku komai tun farko, harda na jini da na magani, kuma ku tanadi masu bada jini cikin dangi.

Asfirin da maganin kitse yana shan su kullum, gishiri da maggi Hajiya ta rage, tsire ne dai har yanzu muke fama da shi a kai.