Hattara da mai gwal ɗin "aikin hannu" da ke talla a WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman matan Kaduna masu haɗa lefe da masu sayen gwal don ajiya. Akwai wata mata da ke yawo da kaya a jaka gida gida, tana kuma zuba hotuna a WhatsApp da Instagram. Ba ta da shago. Cewa take zinarenta daga Birnin Gwari ake kawo mata ɗanye, maƙerinta ya narka ya ƙera da hannu, shi ya sa nata ya fi na Dubai da na Saudiyya sauƙi. Da yake kowa ya san ana haƙar zinare a Birnin Gwari, maganar tana shiga kunne. Ni ma ta shiga nawa.

Sarƙa da ɗan kunne da zobe na karɓa don lefen ƙanena, da kuɗin adashen da na kwasa. Har falona ta zo, ta fito da ɗan sikeli ta auna, ta juya ƙugiyar sarƙar ta nuna min hatimin 875, wato karat 21. Ta ma ɗora mayen ƙarfe a kai, bai kama ba. Na ce to me ya rage?

Ranar da muke jera akwatuna Goggo ta ɗauki sarƙar, ta jinjina ta a tafin hannu sau biyu, ta dube ni. "'Yar nan, wa ya sayar miki da wannan? Girmanta ya fi nauyinta."

Washegari muka tafi kasuwar Sheikh Abubakar Gumi wajen wani dattijo mai gwada gwal da ta daɗe tana hulɗa da shi. Ya goga ƙugiyar a baƙin dutsensa, ya goga jikin sarƙar a gefe, layi biyu ke nan. Ya ɗiga ruwan gwaji. Layin ƙugiya ya tsaya daram. Ɗayan kuwa muna kallo ya ɓace kamar an share da tsumma. Sai ya nemi izini ya ɗan kankare zobe guda daga cikin sarƙar ya sake ɗigawa, wurin ya yi kumfa, ya koma kore. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, tagulla ce aka yi wa wanka. Ƙugiyar ce kaɗai zinare."

Nan dabarar take. An san a ƙugiya ake buga hatimi, nan mai saye ke duba, nan mai gwaji cikin gaggawa ke gogawa. Shi kansa hatimin ba shaida ba ne, kowa na iya sayen abin bugawa ya buga 750 na karat 18 ko 916 na karat 22 a kan duk ƙarfen da ya ga dama. Mayen ƙarfe kuma wasa da hankali ne kawai, don tagulla ma ba ya kama ta. Abin da tagulla ba ta iya ɓoyewa shi ne nauyi: zinare mai karat 21 ya kusa ninka tagulla mai girmansa, abin da hannun Goggo ya ji ke nan.

Shuɗin dutsen zoben, da matar ta rantse min dutse mai daraja ne, safaya, daga wajen Kafanchan, gilashi ne. Dattijon ya ba ni madubinsa na hangi ƙwayar iska a ciki da idona. Kuma da dutsen aka auna min, na biya shi a farashin giram na gwal. Wannan ko a shagon gaskiya ku kula, a cire nauyin duwatsu kafin a yi lissafi.

Idan ta zo muku, ko wata irinta, kada ku tura ko kwabo sai kun tafi da ita da kayan wajen mai gwajin da ku kuka zaɓa, a gwada wuri biyu ko uku a jikin sarƙar. Ku tambayi kuɗin giram na ranar a shaguna. A rubuta muku rasit mai karat da nauyi, da sharaɗin za ta saya idan kun dawo da shi.

Layinta yanzu a kashe yake, ta canza sunan shafin, amma hotunan su ne dai, jan kyallen da take shimfiɗawa ma bai canza ba. Mun kai ƙara wajen 'yan sanda da shaidar turin kuɗi ta banki. Duk wadda ta taɓa saya a hannunta ta kai nata a gwada, kuma kada ta goge hirarsu ta WhatsApp, za a buƙace ta.