WolframAlpha: na ba shi manyan lambobi ya feɗe

Kalkuletar hannu tana da iyaka. Da lamba ta wuce gida goma sai ta fara taƙaita ta, wutsiyar ta ɓace, alhali ni wutsiyar nake so in gani. Abin da ya kai ni WolframAlpha ke nan, shafin lissafin da kamfanin Stephen Wolfram ya buɗe a 2009.

Fuskar shafin ba ta da hayaniya: akwati ɗaya ne, ka rubuta lamba ka danna. Na fara da 4,294,967,297, wato 2³² + 1. Masanin lissafi Fermat ya zaci duk lambobin wannan dangi (2² + 1, 2⁴ + 1, 2⁸ + 1, 2¹⁶ + 1, haka har gaba) ba sa rabuwa sai da 1 da su kansu, har wani masanin, Euler, ya ƙaryata shi a 1732. Nan take shafin ya fito da 641 × 6,700,417, daidai abin da Euler ya gano. A ƙasa kuma ga lambar da tsarin 0 da 1 na kwamfuta, ga ragowar da take bari idan an raba ta da ƙananan lambobi. Wannan jadawalin ragowar ya fi komai burge ni, don a nan kake ganin halin lamba kafin ka sha wahalar rabawa.

Sai na ƙara masa nauyi da 2⁶⁷ − 1, mai gida 21. A 1903 Frank Nelson Cole ya tsaya gaban masana lissafi a Amurka, ya nuna a allo cewa ita ce 193,707,721 × 761,838,257,287. Kafin in gyara zama amsar ta iso. Gaskiya sai da na ɗan tausaya wa Cole.

Amma fa amsa yake bayarwa, ba ya koyarwa. Zai ce maka 2,147,483,647 ba ta rabuwa, ya tsaya nan. Ta yaya aka tabbatar? Bayani daki-daki na masu biyan kuɗi ne. Labarin da ke bayan lambar kuwa, cewa ita ce iyakar ƙirgen da zai rikita agogon tsofaffin kwamfutoci ranar 19 ga Janairu 2038, kai za ka nemo da kanka. Tambaya ma ba a yin ta da Hausa, ko da yake lamba zalla ba ta buƙatar harshe.

Kada kuma a ɗauka ba shi da ƙarshe. Gane cewa lamba ba ta rabuwa abu ne mai sauƙi ga kwamfuta. Gano lambobi biyun da aka ninka suka ba da lamba mai gida ɗaruruwa shi ne jan aiki, kuma kan wannan wahalar tsaron RSA, tsarin ɓoye saƙonni a intanet, ya dogara. Irin wannan sai lokacin da aka ware maka ya ƙare ba amsa.

Ga malami ko ɗalibin da ya riga ya yi lissafinsa a takarda yana son tabbatarwa, na kyautar ya wadatar.