Shirin rediyon da ya tambayi 'yan takara wa zai ba dashe ruwa

Ni ba ma'abocin shirin siyasa ba ne a rediyo. Yawancinsu hayaniya ce: sojojin baka su shigo, kowa ya wanke ubangidansa, ya shafa wa na wancan kashin kaji, a watse. Amma a kakar zaɓen 2023 akwai wani shiri na wata tashar FM a nan Sakkwato da na lazimta har mako shida, duk daren Laraba bayan Isha'i. An ce za a zaunar da masu neman kujeru a tambaye su abu guda, wato muhalli. Gidana kuwa yana Mabera, inda ruwan damina ke shigo mana har ɗaka ba sallama, kuma ina da 'yar gonar albasa da na gada a fadamar Kwalkwalawa. Shi ya sa na kasa kunne.

Awa guda ake yi, baƙi biyu ko uku daga jam'iyyu daban-daban, a ƙarshe a buɗe layi. Ba wani sabon tsari ba ne. Abin da ya ɗaga shirin shi ne malamar da ke gabatarwa. Muryarta a sanyaye, amma in ta riƙe magana ba ta saki.

A daren farko wani wakili ya gyara murya ya ce in Allah ya ba su nasara za su dasa itatuwa miliyan guda. Na yi tsaki, don tun ina makarantar firamare nake jin wannan waƙa. Sai ta ce, "Ranka shi daɗe, mun ji. A ina za a dasa su, kuma wa za ya ba su ruwa a watan Afrilu?" Shiru. Har ƙarar juya takarda muna ji. Can ya ce ai za a kafa kwamiti. Ɗana Bashiru da ke wankin babur a tsakar gida ya fashe da dariya.

Tambayar nan ita ce maganar duka. Duk wanda ya san zafin Sakkwato a bazara, lokacin da yake haura digiri 40, ya san ba dashen ke da wuya ba. A watan Agusta a zo da manyan riguna da masu ɗaukar hoto, a binne dogonyaro ɗan taku guda, kafin hunturu ya wuce akuya ta yi kalaci da shi. Abokin karawar wancan wakili bai yi alkawarin miliyan ba. Cewa ya yi a ba makarantu da masu unguwanni dashe kaɗan da waya ta shinge, a biya mai ban ruwa sai itacen ya yi shekara biyu a raye. Ya kuma san Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin katangar itatuwa ta Afirka ya ratsa don tare hamada, kuma tun 2015 aka kafa masa hukuma a tarayya. Na farkon da alama a ɗakin ya fara jin labarin.

Kada a ce na ɗauki ɓangare. A mako na uku, da aka zo kan madatsar Goronyo, abin juyewa ya yi. Jam'iyyar mai maganar shinge ta turo wani matashi mai zafin baki, ya rantse cewa cikin kwana ɗari za su yashe madatsar. Malama ta tuna masa cewa dam ɗin, wanda aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima, na gwamnatin tarayya ne, a hannun hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima yake. Ya fara kame-kame. Dattijon da ke ɗaya ɓangaren ya ce shi ba zai yi alkawarin abin da ba nasa ba. Abin da jiha za ta iya shi ne ta tabbata manomi ya ji sanarwa kafin ruwa ya iso, ta kuma haƙa magudanai a gari. Wannan ta shige ni. Ina tuna ambaliyar Satumbar 2010, wadda ta cinye gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo har ɗalibai suka koma shiga kwalekwale. A shekarar shinkafar mahaifina ko dami guda ba mu ɗauka ba. Da dattijon ya ambaci magudanar Mabera da sunanta, tashi na yi na ɗauko biro.

Makon gawayi ma ya yi armashi, amma wata tsohuwa ce ta ci shi. Baƙin duka sun yarda a hana sare itace. Ta bugo ta ce, "Ɗiyata, tambaye min su, in sunka hana icce da gawayi, da mi za mu dahwa tuwo? Gas ɗin su za su saya muna?" Babu wanda ya ba ta amsar kirki.

To, sai aibi. Manyan 'yan takara ba su zo da kansu ba, wakilai suka yi ta turowa, alkawarin wakili kuwa gobe ana iya cewa ba da yawun maigida ya yi ba. Layin waya kuma 'yan kore sun mamaye shi, muryoyi uku zuwa huɗu ne kullum, su ɓata minti biyu wajen gaida shugabanninsu. Ni sau biyar na gwada. Lokacin ƙarancin takardun naira ne, da ƙyar na samu na sayi kati, ranar da na shiga kuwa ina cikin sallama aka yanke ni don a sa waƙar kamfe. Na ji haushi ƙwarai, ga shi tambayata kan ledar da ke toshe kwalbatoci ce, wadda har aka gama shirin ba wanda ya taɓo. Makon da aka ba wa masu neman shugaban ƙasa shi ne mafi rauni. An karanto dokar sauyin yanayi ta 2021 da alkawarin da Buhari ya yi a taron sauyin yanayi na Gilasgo cewa zuwa shekarar 2060 Najeriya za ta daina ƙara wa sararin sama hayaƙi mai ɗumama duniya, rabi Hausa rabi Turanci, maƙwabcina Malam Sani ya yi barci a kan tabarma. Wa ya ga 2060?

Abin da ya fi damuna shi ne ba a maimaita shirin da safe, kuma ba su tattara amsoshin wuri guda ba. Wanda ya rasa mako guda ya rasa ke nan. Dole na ja layi a tsohon littafin lissafin albasa, kowace jam'iyya da gurbinta: dashe, ruwa, gawayi, shara. Da aka ɗage zaɓen gwamna zuwa 18 ga Maris, littafin ya zaga majalisarmu hannu zuwa hannu, har ya dawo da maiƙon ƙosai a bangonsa.

In sun dawo da shirin a zaɓe mai zuwa zan saurara, zan kuma ce wa manoman fadama su saurara, da sharaɗin malamar nan ce a kujerar, kuma a tace masu bugo waya. Littafin yana cikin akwati tare da takardun gona. Maganar magudanar Mabera na ja mata layi da jan biro, na rubuta ranar da aka faɗe ta.