Wane gidan tarihi za ku kai yara a Landan?

Iyaye da yawa idan suka sauka Landan da yara, British Museum ne ke fara zuwa bakinsu, don shi suka fi ji. Ni da za a nemi shawarata, shekarun yaran zan fara tambaya. Ɗan shekara huɗu sai ya taɓa abu yake yarda ya gan shi. Idan kuka kai shi inda komai ke bayan gilashi, kafin rabin awa ya fara jan rigar uwarsa yana cewa a tafi.

Iyalin da ke da manya da ƙanana a haɗe, ba su da wurin da ya fi gidan tarihin halittu, wato Natural History Museum, a unguwar South Kensington. An buɗe shi a 1881, kuma shiga kyauta ne. Kuna sa ƙafa a babban zauren za ku ga ƙwarangwal ɗin wel, dabbar tekun nan da babu mai girmanta, tsawonsa mita 25, rataye a saman kanku tun 2017. Sai sashen dainaso, manyan dabbobin nan da suka ƙare tun zamanin dā, inda aka ƙera wata irinsu mai suna T. rex, mai motsi da gurnani. Yaran firamare har da sowa suke yi, amma ƙanana sosai kan firgita, don haka ku ɗauke su a kafaɗa tun kafin ku kai wurin. Akwai kuma wani ɗaki da aka shirya kamar kanti, ƙasansa na karkarwa, don a ɗanɗana wa mutum irin girgizar ƙasar da ta afka wa birnin Kobe na Japan a 1995. Illar gidan ɗaya ce, cunkoso. Lokacin hutun makarantun Ingila, daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta, layi kan yi tsawo sosai. Ku yanki tikitin kyauta ta intanet, ku zo da ƙarfe 10 na safe da ake buɗewa.

Maƙwabcinsa shi ne gidan kimiyya, Science Museum, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa. Nan ne wurin yaron da ke kwance rediyo don ya ga abin da ke ciki. Zai ga ainihin kumbon Apollo 10 da ya zagaya wata a 1969, da injina da jiragen sama na dā. Shi ma kyauta ne, sai dai sashen da yara suka fi so, Wonderlab, inda suke gwaje-gwaje da hannunsu, na kuɗi ne, kuma a ganina ya cancanci a biya. Kusancin gidajen biyu kan sa iyaye su ce bari mu haɗa su rana ɗaya. Kada ku yi haka. Ƙafar yaro ba ta ɗauka, na biyun kuka ne zai cinye shi.

Masu goyo da 'yan ƙasa da shekara biyar su nufi Young V&A a Bethnal Green, wanda aka sake buɗewa a 2023 bayan gyara. Don yara aka tsara shi tun daga tushe, daga jarirai zuwa 'yan shekara 14, ba wanda zai harare ku don yaro ya yi gudu ko ihu. Kyauta ne.

Gidan tarihin sufuri da ke Covent Garden kuwa manya na biya, yara ba sa biya, kuma tikitin babba na aiki tsawon shekara guda. Wannan riba ce ga mazauna birnin. Baƙon mako ɗaya sau ɗaya zai ci moriyarsa. Duk da haka yaron da ke son motoci zai hau jajayen bas na dā, ya zauna a kujerar direba, ya ji labarin jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya, wanda ya fara aiki a 1863.

To, British Museum fa? Ina son a kai yara, amma waɗanda suka kai shekara goma, suka fara tambayar wa ya yi wannan, ya aka yi ya zo nan. Za su ga dutsen Rosetta da ya buɗe hanyar karanta rubutun tsohuwar Masar, da tagullan masarautar Benin ta Najeriya da sojojin Birtaniya suka kwaso a 1897, kuma wannan hira ce da ya kamata iyaye su shirya mata tun daga masauki. Ku sani a sashen Masar akwai gawawwakin mutane na gaske a naɗe. Wasu iyayen ba sa son ƙananan yaransu su gani, ana iya kauce wa ɗakunan. Ku zaɓi abu uku ko huɗu kawai, gidan ba ya ganuwa a rana guda.

Wajen zirga-zirga, yara 'yan ƙasa da shekara 11 ba sa biyan kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa idan suna tare da babba mai tikiti. Sai dai tashar South Kensington matakala ce, babu lif, don haka mai keken jariri ya zo da wanda ake naɗewa, ko ya hau bas.