Koyon nutso a Dahab: inda kuɗina ya yi amfani da inda ya tafi a banza

Duk wanda ya tambaye ni inda zai fara koyon nutso da tukunyar iska a Masar, Dahab nake tura shi, ba Sharm al-Shaikh ba, ba kuma Hurgada ba. A Dahab ba sai ka hau jirgin ruwa ba. Daga bakin gaɓa za ka goya kayanka, ka taka da ƙafa har ruwa ya kai maka ƙirji, ka sunkuyar da kai, ga duwatsun murjani a gabanka. Ga wanda iyakar saninsa da ruwa shi ne kogin garinsu ko dam ɗin Tiga, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, don tsoron faɗawa teku daga saman jirgi kaɗai ya isa ya sa mutum ya fasa.

Garin yana gabashin Sinai, a bakin mashigin Aƙaba, reshen Bahar Maliya, kimanin kilomita 90 arewa da Sharm. Da hantsi ana hango duwatsun Saudiyya a tsallake. Larabawan Muzaina ne 'yan asalin wurin, kuma har yanzu su ne akasarin direbobin a-kori-kura da ke kai masu nutso bakin ruwa. Daga Alƙahira motar dare na bi, ta ramin Ahmad Hamdi da ya ratsa ƙarƙashin mashigin Suwez. Tafiya ce ta kwana, ga shingayen bincike, saboda haka fasfo ya zauna a aljihu, kada a cusa shi cikin jaka a but.

Cibiyar da na yi hulɗa da ita ƙarama ce, tana da lasisin hukumar CDWS mai sa ido kan harkar nutso a Masar, kuma manhajar PADI, ƙungiyar horar da masu nutso ta duniya, take koyarwa. Na biya matakin farko, wanda ke ba mutum izinin sauka mita 18, da na biyu mai kai shi mita 30, sannan da fita zuwa wasu fitattun wurare. Kafin a taɓa ruwa sai an cike takardar lafiya. A nan zan ja hankalin mutanenmu: mai ciwon sikila ba ya wannan harka, mai asma da mai ciwon zuciya kuma sai da takardar likita. Kada wani ya ɓoye don gudun asarar kuɗin mota. Akwai kuma gwajin iyo na mita 200 da zama a saman ruwa minti goma. Ba a duba salo ko sauri, amma ba a yafewa. Abokin tafiyata, wanda ya cika mana baki tun daga Alƙahira cewa shi ɗan bakin kogi ne, da ƙyar ya kammala, ya fito yana haki yana cewa, "Mutumina, wannan ruwan gishirinsa ya yi yawa." Bai yi ƙarya ba. Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, shi ya sa ake ƙara wa mutum dalma a ɗamara kafin ya iya nutsewa.

Malamin da aka haɗa ni da shi shi ne ribar kuɗina gaba ɗaya. Bamisire ne, mai sanyin hali, ba ya ɗaga murya. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne cire gilashin fuska a ƙarƙashin ruwa, a mayar, a hure ruwan da hanci. Da zarar ruwa ya taɓa hancina sai jikina ya ce a tashi sama. Shi kuwa sai ya riƙe falmaran ɗina da hannu ɗaya, ya kafe ni da ido, ya riƙa kai ɗaya hannun bakinsa yana dawowa da shi a hankali, alamar in ja numfashi in sake. Bai taɓa cewa "ya isa, ka ci" don mu wuce wurin ba, sai da abin ya zama jiki. Dokoki biyu ya nanata har na haddace: kada ka riƙe numfashi, kada ka yi gaggawar hawa. Kowace mita goma da ka sauka nauyin ruwa na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a tudu, iskar da ke huhu tana matsewa, in ka hau kuma ta kumbura. Mai riƙe numfashi yana hawa huhunsa yake wasa da shi. Kunne ma tun daga mita ɗaya zuwa biyu ake fara toshe hanci ana hurawa, ba sai ya fara zafi ba.

A wurin da ake kira Lighthouse, cikin gari, aka yi yawancin karatun. Mutane suna raina shi don nan 'yan koyo suke, amma ni a can na fi ganin abin kallo. Akwai jajayen ƙananan kifaye dubbai da ke shawagi a kan murjani, in ka matso su shige rami gaba ɗaya, in ka ja baya su fito. Na ga talibambam na teku, ya ninka namu na kogi girma, yana tafe kamar ba ya so. Na ga kifin zaki da ƙayoyinsa masu dafi a baje, ba ya gudun kowa. Kifin aku kuma da kunnenka za ka ji shi yana gurgurar dutse, ƙaras-ƙaras, ya fitar da farin rairayi ta baya. Wani lokaci malamin ya tsaya ya nuna mini wani dutse. Na duba, dutse ne. Ya sake nunawa. Sai dutsen ya buɗe ido, launinsa ya juya daga toka zuwa ja-ja, ya miƙo hannu ɗaya cikin takwas ya jawo wani ɓawon kodi ya rufe bakin raminsa. Ashe dabbar teku ce da Turawa ke kira octopus. Da ni kaɗai ne, wucewa zan yi.

Murjanin nan da ake gani kamar dutse ko itace, dabbobi ne ƙanana masu rai, suna zaune da wani irin gansakuka a cikin jikinsu wanda ke samar musu abinci daga hasken rana. In ruwa ya yi zafi fiye da kima sai su kore shi, su yi fari fat, in abin ya daɗe su mutu. Murjanin arewacin Bahar Maliya an san shi da jure zafi fiye da na wurare da yawa, amma ba ya jure takalmin iyo. Inda 'yan yawon buɗe ido suka fi shiga, za ka ga saman dutsen ya mutu, an tattake shi. Malamina ba ya barin a sa safar hannu, wai mai safa shi ke taɓe-taɓe. Akwai ma wani iri mai ruwan ɗorawa da farin baki, wanda ya goge shi da fata zai kwana yana susa.

Eel Garden ya burge ni fiye da yadda na zata. Gangaren farin rairayi ne, wasu siraran kifaye masu siffar maciji sun kafa wutsiya a rami sun miƙe tsaye, ɗaruruwa, suna rangaji kamar gero a gona in iska ta taso. Canyon kuma tsaga ce a ƙasan teku, ana shiga ta sama a sauka har mita 30. A can ne na lura jan zanen da ke rigar malamin ya koma baƙi-baƙi, don ruwa yana shanye jan launi tun daga 'yan mitocin farko. Da ya kunna tocila sai bangon ya ɗauki ja da ruwan lemo.

Blue Hole, wanda sunansa ya fi na garin kansa tafiya, ban ga abin da ya kai zuzutawar da ake yi masa ba. Rami ne mai zurfin fiye da mita 100, cikinsa babu wani murjanin a-zo-a-gani, sai shuɗi. Daɗin yana waje: a shiga ta wata siririyar kafa da ake kira Bells, a gangara da kai, a fito jikin wani bango da ba a ganin ƙarshensa, a bi shi har a tsallaka cikin ramin ta wani wuri marar zurfi. A jikin dutsen da ke kan hanyar shiga an manna alluna ɗauke da sunayen waɗanda suka rasu a wurin. Yawancinsu wata ƙofa mai ɓullewa daga ramin zuwa teku suka nema, wadda ke wajen mita 55 a ƙasa. A wannan zurfin iskar da ake shaƙa tana bugar da mutum, ya kasa tuna ina ne sama. Cibiyar ba ta wasa da wannan, ko da baki ba a tayar da zancen ƙofar.

Inda na ji ciwon kuɗina shi ne ranar Thistlegorm. Jirgin ruwan dakon kaya ne na Ingila da jiragen saman Jamus suka nutsar ranar 6 ga Oktoba, 1941, yana ɗauke da kayan yaƙi. Jacques Cousteau, Bafaranshe mai binciken ƙarƙashin teku, ya gano shi a shekarun 1950. Yana kwance a kusan mita 30, kuma har yau babura ƙirar BSA da Norton suna jere a cikinsa, ga manyan motoci, ga takalman roba, ga kawunan jirgin ƙasa biyu da fashewar ta jefar gefe. Abin kallo ne, ba musu. Amma an ɗauke mu tsakar dare zuwa Sharm, aka miƙa mu ga wani jirgi da ba na cibiyar ba, aka haɗa ni da jagoran da bai ko tambayi sunana ba. Jirage sun yi cincirindo a kan wurin, igiyoyi ko'ina, ruwa na ja da ƙarfi. A cikin jirgin da ya nutse layi muka bi, takalmin na gaba yana dukan fuskata. Ba a gaya mini tun farko cewa da wasu za a haɗa ni ba, kuma farashin bai nuna haka ba. A hanyar dawowa an tsaya Ras Muhammad, gandun da aka keɓe tun 1983, inda kayan jirgin Yolanda da ya nutse a 1980 suke warwatse. Kayan kuwa masai ne na tangaran da bahon wanka, kifaye na shiga suna fita. Nan ne na ga kunkurun teku yana cin murjani mai laushi, ko kallo ba mu ishe shi ba. Wannan tsayawar ce ta rage mini haushi.

Sauran ƙorafina kan kaya ne da lissafi. Rigar robar haya ta sha jiki, ta yage a hammata, ga shi lokacin sanyi ruwan na sauka wajen digiri 21, in ka fito kuma iskar Dahab ta karɓe ka. Gilashin farko da aka ba ni yana yoyo, sai da na yi magana sau da yawa aka canza. Tukwanen iska da abin shaƙa dai lafiya lau suke, kullum a cike, kuma a gabana ake gwadawa. Farashin da aka faɗa mini ta WhatsApp bai haɗa da kuɗin littafi da katin shaida da kuɗin shiga wuraren da aka keɓe ba, duk a ranar ƙarshe suka fito, kuma da Yuro ake lissafi. A nemi a rubuta komai tun kafin a biya. A tambayi kuma mutum nawa malami ɗaya zai riƙe. Ta fuskar salla ban sha wahala ba, ma'aikatan suna shimfiɗa darduma a bayan ɗakin kaya, tare muke yi. Akwai malamai mata a garin, na kuma ga Misirawa mata suna nutso da kansu a rufe, don haka matan da ke sha'awa su nemi a haɗa su da mace.

Wani abu da masu sayar da tikitin yawo ba sa faɗa: bayan nutso da yawa ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18, don iskar da ta shiga jini tana bukatar lokaci ta fita. Hawa dutse ma haka ne. Wani ɗan kamasho a masaukina ya so ya sayar mini da tafiya Jabal Musa, mai tsayin mita 2,285, a daren da na gama nutson ƙarshe. Da na gaya wa malamina sai ya girgiza kai, ya ce in ina son Jabal Musa in kwana biyu tukuna, in ba haka ba a na'urar matsin iska ta asibitin garin zan ƙarasa hutuna. Ya karɓi wayata ya kira mutumin da kansa, aka ɗage tafiyar zuwa jibi.